Tayin Isiyaku a Gidan Kwanso

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta labarin Malam Isiyaku. Abin da ya yi shekara ashirin da shida yana tacewa da hannunsa kwanson harsashi ne, kuma ban san a jikin wa kowane harsashi ya ƙare ba, don haka ban tabbata shi ne ya fi cancantar tausayi a cikin wannan sana'a ba. Bayan wannan, ni a Riyad aka haife ni, amma karatu ya ɗauke ni Kanada tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Abokaina na can da na ba su labarin cewa suka yi wauta ce kawai ta kayar da shi. Wani lokaci nakan yarda da su, wani lokaci kuma in ga kamar ni da su ne muka rasa wani abu. Zan faɗa yadda na ji daga bakinsa da bakin Maiwada, direban da suka yi aiki tare shekara goma sha tara.

Masana'antar tana can ƙarshen unguwar Al-Sulay, a gefen Riyad. Ba zan ambaci sunanta ba, ma'aikatanta Hausawa dai Gidan Kwanso suke kiranta. Wani Balarabe, Abu Nawwaf, ya kafa ta a 1984, lokacin babu komai a kewayen sai duwatsu da karnuka. Butocin gahawa da mariƙan ƙofa na tagulla ya fara da su. Da yaƙin 1990 ya matso, ya samu kwangilar yi wa sojoji kwanson harsashi da akwatunansa. Albarushi bai taɓa shiga wurin ba, fanko suke yi, a kwashe a kai wani waje a cika. Duk da haka aka ɗaga katanga, aka sa waya a samanta, aka ajiye mai gadi da bindiga a ƙofa. Daga ranar butocin gahawa suka ƙare.

Isiyaku ya riga kwangilar zuwa da shekara guda. Ɗan maƙeran fari ne daga cikin birnin Kano, mutanen da ke ƙera awarwaro da zobba, kuma tun yana shekara bakwai ubansa ke miƙa masa kaya ya shafa ya faɗi inda aka yi aibu. Da dillalin tafiya ya zo unguwarsu, bizar da ke hannunsa ta makiyayi ce. Isiyaku ya ce shi ko igiyar akuya bai taɓa riƙewa ba. Dillalin ya yi dariya ya ce: “Takarda ce kawai. Balaraben tagulla yake so, ba tumaki ba.” Haka kuwa aka yi. Aka buga masa igama, wato katin zama a ƙasar, a kan sunan Abu Nawwaf, a wurin sana'a aka rubuta makiyayi, shi kuma aka zaunar da shi gaban tebur.

Aikinsa shi ne na ƙarshe a layi. Inji ya ja tagulla ta zama kwanso, a wanke da ruwan asid, a busar, a zubo masa. Akwai ma'aunin tsawo, akwai na faɗi, amma tsagar da ta fi gashi sirantaka a wuyan kwanso ma'auni ba ya ganinta. Isiyaku yakan ɗebi cikin hannu, ya murza a tafinsa, babban yatsa ya bi ta kan kowanne, sai ka ga ya fizge ɗaya ya jefa a bokiti ba tare da ya duba ba. In aka kai wa injiniya ya sa madubi, tsagar tana nan. Kwanso mai tsaga a fuskar mai harbi yake fashewa, shi ya sa ba ya wasa da aikin. Hannun nan kuwa yana tattalinsa kamar ido. Ba ya riƙe kofin shayi mai zafi, ba ya wanki da omo, kuma kowane mai zuwa daga Kano sai matarsa Fatsuma ta ba shi man kaɗanya ya kawo.

Gidan Kwanso ba wurin imani ba ne. Injin matsa tagulla ya ci yatsun mutane da yawa, kuma al'adar gidan ita ce wanda ya yi rauni da safe kafin la'asar an sallame shi daga ɗakin kwana, don kada sauran su yini suna kallon bandeji. Isiyaku ya ga an yi wa mutum goma sha ɗaya haka, bai ce uffan ba ko sau ɗaya. Shi ɗan gata ne. In manyan baƙi suka zo, Abu Nawwaf yakan cire mayafin kansa mai ja da fari ya ɗaure wa Isiyaku ido, ya jefa kwanso ɗaya mai tsaga cikin ɗari, ya ce: “Ku ga makiyayina.” Isiyaku ya tsinto shi, baƙi su yi tafi, wani ya shafa masa kai. Ya gaya mini a lokacin daɗi yake ji.

Dalhatu ya zo a 2004. Haifaffen Makka ne, iyayensa Katsinawa, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. A igamarsa direban gida aka rubuta. Yana da shekara ashirin da biyar aka sa shi a teburin Isiyaku, Isiyaku kuwa ya koya masa duk abin da ke koyuwa: yadda ake riƙe kwanso, inda tsaga ta fi ɓuya, yadda ake hutar da yatsa. Dalhatu ya iya, ba laifi. Cikin tsaga goma yana kama takwas. Baba yake ce wa Isiyaku, kwano ɗaya suke ci, kuma Isiyaku ne waliyyinsa ranar ɗaurin aurensa.

A 2013 hukuma ta ba baƙi wa'adin 'yan watanni kowa ya gyara takardunsa, sana'ar da ke kan igama ta zama ita ce sana'ar da mutum yake yi. Abu Nawwaf yana kwance a asibiti, ɗansa Nawwaf ke riƙe da gidan. Aka ce kamfanin ya samu gurbi ɗaya na ƙwararren ma'aikaci ga 'yan Najeriya. Wanda ya samu zai tashi daga hannun mutum ɗaya ya koma ma'aikacin kamfani, kuma takarda za ta shaida yana da sana'a. Nawwaf ya ce a ba wanda ya fi daɗewa. Aka kira Isiyaku ofis, ya tafi tare da Dalhatu don ya karanta masa abin da zai sa wa hannu.

Satin nan aka yi wa Dalhatu haihuwa. Magatakardan ofis ya miƙo hannu yana jiran igamar Isiyaku, sai Isiyaku ya ga bai dace babba ya karɓi alheri a gaban ƙarami bai ko waiwaye shi ba. Ya juya ya ce:

“Ko kai za ka fara, Dalhatu? Kai ne angon ƙarni.”

Kowa ya san wannan. Mutum yana cin abinci ka wuce, ya ce bismilla, ka ce alhamdu lillahi. Abin da ya rage wa Dalhatu shi ne ya ce haba Baba, ina ni ina shiga gabanka. Isiyaku ya sake tayi, Dalhatu ya sake ƙi, a rabu kowa da mutuncinsa.

Dalhatu ya ce: “Allah ya saka da alheri, Baba.” Ya zaro igamarsa ya ɗora a kan tebur.

Magatakarda ya dubi Isiyaku, alƙalami a sama. Kalma ɗaya za ta isa. Amma kalmar tana nufin ya janye tayin da ya yi da bakinsa, a gaban baƙo, ya ƙwace daga hannun wanda ke ce masa Baba. Ya ce: “Rubuta.”

Maiwada yana jingine da motarsa a waje. Da ya ji abin da ya faru ya cire hula ya buga a gwiwa.

“Malam, me ka aikata? Gurbi ka yi wa tayi kamar ƙosai?”

“Ɗan Makka ne, bai san tayi ba.”

“Bai san tayi ba? Jiya sai da na kira shi sau uku kafin ya sa hannu a shinkafata. Shinkafa fa, Malam, ko nama babu.”

Isiyaku ya ce ya bar maganar. Nawwaf ya yi alkawarin wani gurbi baɗi. Wa'adi ya ƙare a watan Nuwamba, Abu Nawwaf ya rasu bayan wata biyu, igamar Isiyaku ta koma kan sunan ɗan kamar yadda motoci da gonaki suka koma. Masu binciken takardu ba sa wuce mai gadin ƙofar Gidan Kwanso, don haka ba wanda ya zo ya tambayi me makiyayi yake yi da harsashi. Isiyaku da Dalhatu suka ci gaba da zama a tebur ɗaya, suna ci a kwano ɗaya. Maiwada ya ce shekara uku cur maganar ba ta sake fitowa daga bakin ko ɗayansu ba.

A wannan lokacin gari ya riga ya cim ma katangar. Sito-sito sun kewaye ta, gidajen leburori sun jingina da ita, har wani mai gasa kaji ya kafa a bakin ƙofa. A farkon 2016 takarda ta zo cewa ba za a sabunta kwangila ba, irin wannan aiki za a tattara shi a manyan masana'antu nesa da gari. Aka ba su wata tara. Rufewar ta zo a hankali, kamar ana fiɗar dabba. Layin akwatuna ya fara tsayawa, aka kwashe Bangaliyawa a bas biyu. Sai layin wanki, Indiyawa suka bi. Jami'ai suka zo suka tsaya a kan masu walda har aka yayyanka duk ƙarafan da ake buga siffar kwanso da su. Takardun shekara ashirin da shida aka ƙona a cikin duro a bayan masallaci. Kwanson da ya rage, wanda Isiyaku ya riga ya tace ya ce lafiyayye ne, aka ce ba za a karɓa ba, a narkar. Shi aka miƙa wa shebur. Kwana huɗu yana zubawa a tukunya, ya naɗe hannunsa da tsumma don kada tafin ya yi kanta.

Injinan masu kyau wata babbar masana'anta ce ta saye, ta aiko injiniyanta, wani Bamasare mai furfura, ya duba su. Shi ya ji labarin makiyayin Abu Nawwaf, ya ce yana son gani. Bai ɗaure wa kowa ido ba. Ya zuba kwanso ɗari biyu a tebur, ya ce Dalhatu ya fara. Dalhatu ya ware biyar. Injiniyan ya mayar, ya gauraya, ya ce Isiyaku ya yi. Isiyaku ya ware bakwai. Injiniyan ya ce shida ya saka. Ya ɗauki na bakwan ya sa a madubi ya daɗe yana dubawa, sannan ya kama hannun Isiyaku ya juya tafin yana kallo.

“Wannan nake so,” in ji shi.

Nawwaf ya yi dariya ya miƙa masa igamar. Injiniyan ya karanta, fuskarsa ta canza. Ƙofar masana'antarsu ba ta buɗuwa ga kowa sai wanda takardarsa ta ce ƙwararre. Ya yi kwana biyu yana buga waya. Ya dawo da hanya ɗaya: gurbin nan na 2013 yana nan a kan sunan kamfani har ranar da za a rufe fayil ɗinsa. In wanda ke kai ya yarda ya sauka, a rubuce, za a iya ɗora Isiyaku. Shi Dalhatu, tunda haifaffen ƙasar ne kuma yana da lasin tuƙi, injiniyan ya ce da kansa zai samo masa aikin direba a can.

Ranar Alhamis da hantsi aka tara su a babban zauren. An riga an kwashe injina, ba abin da ya rage sai ramukan kusoshi a siminti da tabon mai. Shekara ashirin da bakwai Isiyaku bai taɓa jin muryar mutum a zauren nan ba tare da ihu ba, yau ko tari aka yi sai ya dawo. Akwai injiniya, akwai Nawwaf da makullin mota a yatsa, akwai Maiwada da Hausawa biyar da suka rage. Injiniyan ya yi bayani da Larabci, ya ajiye takarda da alƙalami a kan wani duro.

Dalhatu ya matso gaban Isiyaku, ya rusuna, ya ɗaga murya yadda duk Hausawan za su ji.

“Baba, gurbin nan naka ne tun asali. Ga shi, ka karɓa.”

Maiwada ya ce ya ji kamar ya toshe wa Isiyaku baki da hularsa. Isiyaku ya san abin da ke kan duron nan. Ya san shekarunsa hamsin da biyu, ya san abin da igamarsa ta ce. Amma an yi masa tayi a gaban jama'a, kuma ƙarami ne ya yi, mai 'ya'ya biyu. Bakinsa ya yi abin da ya saba.

“A'a, haba Dalhatu. Kai da ke da ƙananan yara.”

Ya tsaya yana jiran tayi na biyu.

Dalhatu ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya juya wajen injiniya ya ce da Larabci: “Na ba shi, ya ƙi. Tambaye shi.”

Injiniyan ya dubi Isiyaku. “Da gaske ka ce a'a?”

Hausawa shida suna kallonsa, dukansu sun ji. Maiwada ya yi magana ƙasa-ƙasa: “Malam, don girman Allah ka ce ba ka ji da kyau ba. Ka ce inji ya kashe maka kunne, ai gaskiya ce.”

Isiyaku ya ce: “Na ce.”

Injiniyan ya buɗe hannuwa, ya ɗauke takardarsa. Shi bai ga komai ba sai tsoho da ya gaji da aiki. Ranar Lahadi Dalhatu ya bi injina. Kafin ya shiga mota ya zo ya yi wa Isiyaku sallama, ya ce Baba a yafe mini in na taɓa ɓata maka, Isiyaku ya ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya.

Da aka sa wa ƙofa kwaɗo, Isiyaku ya je wajen Nawwaf ya roƙi fasfonsa da izinin fita. Ya ce ya yi wa gidan nan abin da zai iya, a bar shi ya koma Kano. Nawwaf yana duba waya, bai ɗago ba.

“Basudanen da ke kula mini da tumaki ya gudu. Kai me igamarka ta ce?”

“Ranka ya daɗe, mahaifinka ya san takarda ce kawai.”

“Mahaifina ya rasu. Ni abin da hukuma ta rubuta nake bi. In na samu wani, ka tafi.”

Zuwa wurin tumakin tafiyar awa biyu ce gabas da Riyad, rabinta ba kwalta. Tumaki wajen ɗari uku, shingen waya, tankin ruwa, ɗaki na kwano. Aka sauke masa buhunan sha'ir, mota ta juya. Ba wanda ya gaya masa yadda ake ba su. Ya ga dabbobin sun rame, suna bin sa da kuka, sai ya farke buhuna ya zuba musu har suka bari don kansu. Washegari cikinsu ya kumbura. Zuwa azahar ashirin da uku sun mutu, ƙafafu a sama.

Nawwaf ya zo da abokai biyu. Bai doke shi ba. Ya zauna a mota da sanyi a kunne, ya sa shi ya ja mushen ɗaya bayan ɗaya zuwa wani kwari mai nisan rabin kilomita, da igiyar roba, hannu tsirara. Abokan suna ɗauka a waya. Ɗaya ya sauke gilashi ya ce wannan ne wanda ake ɗaure wa ido? Nawwaf ya ce shi ne, yanzu ma da ido biyu bai ga tunkiya ta ƙoshi ba. Kafin ya ja na goma fatar tafinsa ta tashi. Da ta warke, ta warke da kauri, kamar bayan takalmi.

Na gan shi a 2018, ana saura kwana uku Layya, a kasuwar dabbobi da ke kudancin Riyad. Maiwada ne ya kai ni, yanzu tasi yake ja. Nawwaf bai samu wani ba, bai kuma nema ba. Isiyaku yana tsaye a bayan wata babbar mota yana riƙe da raguna huɗu. Ya iya yanzu, ya san mai tari, ya san wanda ƙafarsa za ta ba da matsala. Fatsuma tana nan tana aiko da man kaɗanya, ya ce bai gaya mata ba, takalmansa yake shafa wa. Dalhatu ya zama shugaban masu tacewa a can, iyalinsa suna unguwar Al-Murabba a cikin Riyad. Duk Sallah yakan kira ya yi wa Baba barka, Isiyaku kuma yakan amsa.

Muka zauna a inuwar motar. Ya ba ni labarin a tsanake, bai zagi kowa ba. Mai shayi ya kawo, Isiyaku ya karɓi kofin da tururinsa ya riƙe a tafi, ba ko motsi. Na yi ta juya tambayar a raina kafin in yi, don ban san ko irin wadda ake yi ba ce.

Na ce: “Malam, ranar nan a zaure, da Dalhatu ya maimaita, da ka karɓa?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi raka'a nawa ce a magariba.

“A na biyu? A'a. Sai a na uku.”